Daga Shadawanka Zuwa Girku: Abubuwan Mamaki Kan Yadda Kiristocin Arewa Ke Tunawa Da Mamatansu

A barikin Shadawanka da ke Bauchi, mazaunin Birged ta 33 ta sojojin igwa, kusan kowa baƙo ne. Ga Basayi daga Bogoro, ga ɗan Bachama daga Numan, ga ɗan Tibi daga Gboko, ga Bahaushe, Bayarabe da ɗan Ibo, duk aiki ya haɗa su a layi ɗaya. Don haka idan aka yi rasuwa, waɗanda suka fara zubar da hawaye da ɗora tukunya ba dangi ba ne, maƙwabta ne. Dangi sai daga baya su iso. Daga nan na ga ya dace in faro wannan tsintar, domin duk abin da ke tafe a ƙasa yana nuna abu guda: mamaci ba ya tuna kansa, sai jama'a sun ɗauki nauyin sunansa da na waɗanda ya bari.

Rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya tana da sassan addini uku, ba biyu ba: na Musulunci, na Katolika da na Furotestan. Limamin bariki, da fada, da fasto, dukansu hafsoshi ne masu kaki da anini a kafaɗa. Wanda ya yi wa ɗan soja baftisma, shi ne kuma zai tsaya a bakin kabarin uban yaron in ta Allah ta kasance.

Jana'izar soja Kirista sujada biyu ce a haɗe, ta ikkilisiya da ta aiki. Ana lulluɓe akwatin gawa da tutar ƙasa, a ɗora hularsa da takalmansa a kai, abokan aikinsa su ɗauke shi a kafaɗa da takun fareti mai nauyi. Bayan fasto ya gama, sai a yi harbi sama, mai begila ya busa busar sallama. Tutar kuwa ba a binne ta. Naɗe ta ake yi a miƙa wa magajin mamacin, kuma a gidaje da dama ita ce abu mafi daraja da ke cikin akwatin uwar gida.

Shugabar matan sojoji a layukan bariki, sunan muƙaminta Magajiya, ko da kuwa ba ta jin Hausa sosai. A ranar makoki ita ce ke haɗa kan mata, a tara gudummawa, a raba aikin girki, a samu masu kwana da matar mamaci. Ba a tambayar wace coci kike zuwa ko wane masallaci mijinki yake salla.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya a da dama daga cikin ƙasashen da Ingila ta mulka ita ce 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Nijeriya ma da haka take yi, sai ta mayar da tata 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan a 1970. Kafin ranar, ana yin addu'a ta musamman a masallatan Juma'a, ranar Lahadi kuma a yi sujadar haɗin guiwa ta dukan ɗarikun Kirista, sa'an nan a zo ranar ajiye furanni da sakin fararen tantabaru. Ga mutanen Bauchi wannan rana tana da nauyi biyu. A daren 15 ga Janairun 1966 ne aka ɗauke Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas, kuma kabarinsa na nan cikin garin Bauchi. A wannan dare ɗaya aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Musulmi, da Laftana Kanar James Yakubu Pam, Kirista ɗan Birom. Rana ɗaya, makoki ɗaya.

Sunayen barikoki kansu duwatsun kabari ne, sai dai mun saba da su har ba ma ji. Ɗaya barikin na Bauchi, Obienu, sunan Manjo John Obienu ne, wanda aka kashe a Abeokuta a juyin mulkin Yulin 1966. Barikin Rukuba da ke Jos yana ɗauke da sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe, ɗan Adamawa da ya shugabanci rundunar tsaron Saliyo, ya rasu a 2000. Na Maiduguri kuma Maimalari. Su kuwa Dodan, da Myohaung, da Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, sunayen wurare ne a ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan. Da yawa daga cikin waɗanda ba su dawo ba, ba a san kaburburansu ba. Sunayensu na cikin kimanin 27,000 da aka zana a ginin tunawa na Taukkyan, kusa da birnin Yangon.

A ranar 21 ga Mayun 2021 jirgin sama ya faɗi a Kaduna da Laftana Janar Ibrahim Attahiru, shugaban sojan ƙasa, da mutum goma. Washegari aka sallaci Musulmin cikinsu a Masallacin Ƙasa, aka yi wa Kiristocin sujada a coci, aka haɗu aka binne su gaba ɗaya a maƙabartar soja ta Abuja. Kiristan da a al'ada da an yi makonni ana shirin jana'izarsa, ga shi an rufe shi cikin kwana ɗaya, kafaɗa da kafaɗa da abokan tafiyarsa.

Mu koma baya. Cikin jana'izar Kirista mafi daɗewa da aka rubuta labarinsu a ƙasar da yau ake kira Jihar Bauchi, akwai ta Dokta Walter Oudney, likita ɗan Sikotlan, wanda ya rasu ranar 12 ga Janairun 1824 a Murmur, kusa da Katagum, a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ne ya karanta masa addu'ar binnewa, ya sa aka kewaye kabarin da ginin ƙasa don kada namun daji su tone, sa'an nan ya sa aka yanka tumaki biyu aka raba wa talakawa. Wato Bature ya yi wa ɗan'uwansa sadaka irin ta mutanen ƙasa. Shekara uku bayan haka, a Afrilun 1827, shi ma Clapperton ya cika a Sakkwato. Da izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka binne shi a wani ƙauye a bayan gari, kuma baransa Richard Lander ne ya yi masa addu'a, shi kaɗai ne Kirista a wurin.

Ƙauyen Girku, a ƙasar Zazzau, ya ci masu bishara biyu cikin shekara shida. Walter Gowans ya mutu a can a 1894. Shi da Thomas Kent da Rowland Bingham ne suka sauka Legas a Disambar 1893, samari uku da ba wanda ya kai shekara 30, da niyyar kai bishara ƙasar Sudan. Kent ya mutu a Bida cikin wannan shekara ta 1894, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. A 1900 kuma Dudley Ryder, na cikin ayarin Bishof Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birni, ya rasu a Girkun. Daga tafiyar farko da ta ƙare a kaburbura biyu ne mishan ɗin SIM ya fito, daga gare shi kuma ikkilisiyar ECWA a 1954. Yau akwai makarantar Kent a Miyango da Jami'ar Bingham a Karu. Wanda ya taɓa zagaya maƙabartar mishan ta Miyango ya san abin da ya fi tsaya wa mutum a rai a wurin: ƙananan kaburburan 'ya'yan masu bishara.

Akwai ƙamus na Hausa da asalinsa ta'aziyya ce. John Alfred Robinson, mai bishara da ke nazarin Hausa, ya rasu a Lakwaja a 1891. Don tunawa da shi abokansa a Ingila suka kafa ƙungiyar nazarin Hausa, ita kuma ta turo ƙanensa Charles Henry Robinson har Kano. Abin da ya biyo baya shi ne ƙamus ɗin da ya fito a 1899 da 1900. Ni a ganina ba a taɓa gina wa mamaci abin tunawa mai amfani irin wannan ba.

Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, jagoran fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya yi ritaya ya koma Ingila, zama ya gagare shi, ya dawo. A Bukuru ya rasu a 1952. Johanna Veenstra, 'yar Amurka da ta yi aiki a ƙasar Takum, ta rasu a asibitin Vom a 1933, a can aka binne ta, kuma makarantar tauhidi ta Donga sunanta take ɗauke da shi.

Yanzu ga waɗanda, in babu su, babu jana'izar Kirista a Arewa: Zumuntar Mata. Ko a ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko Baftis, ko Katolika, da zarar labari ya fita za ka gan su sun ɗauro zane iri ɗaya da kallabi iri ɗaya, sun nufi gidan. Kayan kiɗansu na ɗakin girki ne da tsakar gida: tulu da ake buga bakinsa da tafin hannu ko da faifan soso, da caki, da ƙaramar ganga, da ƙarfe. Waƙoƙin da Hausa ne, ko da mamacin Basayi ne ko Bajju ko Margi, domin Hausa ce harshen da ya haɗa ikkilisiyoyin Arewa. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, kuma ba wuya ka ji an saƙa sunan mamaciyar da halinta a cikin baitin da aka ƙirƙira nan take. Baƙon da bai saba ba yakan yi mamakin ganin ana rawa a gidan mutuwa. Ba rashin jin zafi ba ne. Bangaskiyarsu ita ce wanda ya mutu cikin Almasihu barci ya yi, zai tashi, don haka kuka da rawa suna iya zama a tabarma ɗaya. Amma fa ana duba wanda ya mutu. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne, jana'izarta kusan biki ce, jikoki har wasan kaka suke yi, su kwaikwayi tafiyarta da faɗanta. In saurayi ne ko mai jego, tulun ma a hankali ake buga shi. Abin da ya fi burge ni da matan nan shi ne ba sa watsewa da watsewar taro. Bayan baƙi sun tafi, an kwashe kujerun haya, su ne ke komawa da ɗan hatsi, da sabulu, da addu'a, ran da gidan ya yi tsit.

Su ma 'yan Birged na yara maza, ƙungiyar da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, suna da nasu aiki. In tsohon ɗan ƙungiya ko dattijon ikkilisiya ya rasu, su ke gadin akwati, su yi masa fareti da ganguna da begila, kamar ƙananan sojoji. Matasan unguwa kuma su ke haƙa kabari, ba a biyan su, sai dai kunu.

Me ya sa ake daɗewa ba a binne Kirista ba? Ba umarnin addini ba ne. Yesu kansa a ranar da ya mutu aka sa shi a kabari kafin faɗuwar rana, Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe shi da likkafanin lilin. Jinkirin ya zo ne da ɗakin ajiye gawa na asibiti, da 'ya'yan da aiki ya warwatsa, da kuma burin a kai mutum gida ya kwanta kusa da iyayensa. Wannan buri kam yana da tushe a Littafi. Yusufu ɗan Yakubu ya rantsar da 'yan'uwansa kada su bar ƙasusuwansa a Masar, Musa ya fita da su, aka yi ta yawo da su a jeji shekara 40 kafin a binne su a Shekem. Shi ya sa motar gawa ke tashi daga Bauchi da asuba ta nufi Bogoro, ko Billiri, ko Zonkwa, ko Michika, motocin ikkilisiya na biye ana waƙa.

Sai dai jinkiri yana da tsada, kuma tsadar tana hawa. Kuɗin ajiya a asibiti, akwati, motar gawa, anko, rumfuna, littafin tsarin sujada mai hotuna, kalanda da kofuna masu hoton mamaci. A Jihar Anambra abin ya kai sai da majalisa ta yi doka a 2019 don taƙaita kashe kuɗi da tsawon bukukuwan binnewa. Kiristocin Arewa sun daɗe da sauƙaƙa tasu jana'izar, kuma ina ganin zama da maƙwabta Musulmi, masu rufe mamaci cikin sa'o'i da ƙyalle fari, yana cikin dalilan. Ba na son mu rasa wannan. Na ga gidan da aka ci bashi aka yi wa uba akwati mai sheƙi, zangon karatu na gaba yara suka zauna a gida.

A Gana kuwa, 'yan ƙabilar Ga suna sassaƙa akwatin gawa da siffar sana'ar mamaci: kifi ga masunci, mota ga direba. Shagon Kane Kwei a Teshie ne ya yi suna a kan haka. Coci-coci da yawa ba sa yarda a shigo da irin waɗannan akwatuna cikin majami'a, in ban da mai siffar Littafi Mai Tsarki.

Bahaushe ya san sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in. Kiristocin Otodoks na Girka da Rasha suna addu'ar kwana 3, da 9, da 40. Kibɗawan Masar suna yin ta arba'in, Kiristocin Habasha ma haka, har da babban taron ciyarwa. 'Yan Katolika a nan gida sukan ba da sunan mamaci a yi masa Mas bayan wata guda da kuma duk shekara. Mabiya ECWA da COCIN kuwa ba sa yi wa mamaci addu'a, domin a koyarwarsu hisabinsa ya riga ya tsaya. Addu'arsu ta masu rai ce. Abin da suke yi shi ne sujadar godiya: ran Lahadin da ta biyo bayan binnewa, iyali su fito gaban ikkilisiya da waƙa da baiko, su gode wa Allah saboda rayuwar da ya ba su aro. Gaisuwar dai ɗaya ce a ƙofar kowa: sannu da haƙuri, Allah ya ba da dangana.

Ranar 2 ga Nuwamba ita ce ranar tunawa da dukan matattu masu bi a Katolika, al'adar da Odilo, shugaban gidan sufaye na Cluny a Faransa, ya yaɗa kimanin shekara dubu da suka wuce. A ranar ana zuwa maƙabarta, a share ciyawa, fada ya yayyafa ruwa mai tsarki. Abin mamakin shi ne an yarda kowane fada ya yi Mas uku a wannan rana, alfarmar da ba kowace rana ake samu ba. Fafaroma Benedict na 15 ne ya ba da izinin ga duniya duka a 1915, saboda yawan waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya yake ci.

Dayosis ɗin Katolika na Bauchi ya yi makokin bishof biyu cikin shekara biyar: na farko, John Moore ɗan Ailan, a 2010, sai magajinsa Malachy Goltok a 2015, yana da shekara 49 kacal.

Akwai mamatan da ikkilisiya ba ta bari a kai su nesa. Da dama daga cikin waɗanda bom ya kashe a cocin Santa Teresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, a harabar cocin aka binne su. Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da fada ta Kaduna, ɗan shekara 18 da aka sace a Janairun 2020 aka kashe, a cikin makarantar kabarinsa yake, inda ɗalibai ke wucewa kullum. Bauchi ma ta ɗanɗana: a 2012 an kai harin bom a wata coci a unguwar Yelwa a watan Yuni, aka kuma kai wani a babbar cocin Santa Yohanna a watan Satumba. Iyalan waɗanda abin ya shafa suna nan cikinmu, muna haɗuwa da su a kasuwar Wunti da Muda Lawal.

Sayawan Bogoro da Tafawa Ɓalewa suna taruwa don tunawa da Baba Peter Gonto, mai bishara kuma jagoran al'ummarsu. A Kudancin Kaduna kuma an sa wa babban asibitin Kafanchan sunan Gwamna Patrick Yakowa, wanda aka binne a Fadan Kagoma. Jirgi mai saukar ungulu ne ya faɗi da shi a Bayelsa ranar 15 ga Disambar 2012, kuma daga wurin jana'iza yake dawowa.

A Yafa, in ji littafin Ayyukan Manzanni, da wata mai bi mai suna Dokas ta rasu, gwauraye ba jawabi suka yi wa manzo Bitrus ba. Rigunan da ta ɗinka musu suka riƙa nuna masa suna kuka. Ƙungiyoyin mata masu taimakon gwauraye a coci-coci da dama sunanta suke ɗauka har yau.

Gwauruwar soja tana da wata damuwa da ta farar hula ba ta da ita: ɗakin bariki na aiki ne, ba na gado ba. Komai daɗewa za ta kwashe kaya, yara su canja makaranta, ta koma garin da wataƙila rabonta da shi tun amarci. Haƙƙoƙin mijin kuma suna bin sunan da ya rubuta a takardar magaji. Saurayi ya shiga soja ya sa sunan babansa ko wansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, bai koma ya gyara ba. Ran da ya faɗi, tuta da kuɗi su tafi wani gida, mata da marayu su tsaya suna kallo, zumunci ya lalace a kan gawa. Fasto, da fada, da liman, da Magajiya, duk suna da bakin da za su tuna wa maza wannan takarda tun suna da rai, kuma gyaranta bai wuce zuwa ofishin rundunar mutum da takardar aure da ta haihuwar yara ba.